Wasiƙar Laraba da Takardun Mista Lennart

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, na ji ɗaya daga cikinku yana cewa wai buga takarda ba sana'a ba ce, danna maɓalli ne kawai. Ban tanka ba, don bakina cike yake da cincin ɗin Anti Maryamu, amma maganar ta bi ni har gida. Shekara talatin da ɗoriya na yi tsaye a gaban inji, har yau idan na wanke hannu da kyau akwai shuɗi-shuɗi a gefen farcena. To tunda danna maɓalli ne, bari in ba ku labarin yadda ake danna shi.

A Zariya na koya, wurin wani dattijo mai suna Malam Garba. Shekarar farko ko kusa da inji bai bar ni na je ba. Aikina wanke rolar tawadar inji da kananzir, share ƙasa, da jera takardu har gefensu ya daidaita. Idan ya shafa gefen da tafin hannu ya ji guda ɗaya ta leƙo, sai ya watsa su duka ya ce in sake. Takarda tana wuya a lokacin, saboda haka babban laifi a shagon shi ne a jefar da takardar da bayanta yake fari. Ko gabanta ya ɓaci da tawada, za a juya ta a yi gwaji da ita, ko a yanka ta a ɗaure a yi rubutu a kai. Na sha ranƙwashi a kan wannan har abin ya zauna mini a jiki. Har yanzu matata tana yi mini tsiya, wai ni kaɗai ne a Amurka nake juya ambulan in yi lissafin cefane a bayansa.

Karatu ya kawo ni Greensboro, karatun kuma bai yiwu ba. Wata rana ina tafiya a ƙasa a titin High Point Road, wanda ku yanzu kuka sani da Gate City, sai na ji ƙanshin tawada yana fitowa daga wani ƙaramin shago tsakanin wurin sayar da tsofaffin motoci da wani kantin shinkafa na 'yan Asiya. Na shiga. Mai shagon baƙin Ba'amurke ne, dogo, ya manyanta, ana ce masa Mista Odell. Bai tambaye ni takardar shaida ba. Katin ɗaurin auren wata 'yar masu kuɗin unguwar Irving Park ya miƙo mini, wanda uwar amarya ta dawo da shi sau biyu, ya ce in gaya masa abin da ke damun katin. Na ɗaga shi wajen taga, na ce ruwa ya yi yawa a farantin bugu, shi ya sa baƙin ya koma toka-toka. Ya karɓi katin, ya nuna mini ƙusar da ake rataya rigar aiki. Daga baya shi ne ya sa hannu a takardun da suka ba ni damar zama in yi aiki a ƙasar nan, kuma takardun a ɗaure suke da shagonsa.

Ga yadda aiki yake tafiya a lokacin. Kwastoma zai kawo abin da yake so a shirye a kan farin kwali. Mu ɗauke shi hoto da wata kyamara mai girman firij, mu wanke fim a ɗakin duhu, mu shimfiɗa shi a kan tebur mai fitila a ƙarƙashi, mu toshe duk wani ɗigon haske da ya ɓata da ɗan burushi. Daga fim sai a ƙona hoton a kan faranti, wato wani siririn fallen ƙarfe da ake naɗawa a jikin inji. Faranti yana shan ruwa yana shan tawada, su biyun kuma ba sa ga maciji da juna, kai ne alƙalinsu daga safe har yamma. Ruwa ya yi yawa, kala ta mutu. Ya yi kaɗan, takarda ta yi dabbare-dabbare. Injinmu kala biyu yake ɗauka, saboda haka aikin kala huɗu sai takarda ta bi ta ciki sau biyu, kuma dole ta faɗa daidai inda ta faɗa da farko, ko da kaurin gashi ba a yarda ta goce ba. Ga zafin bazarar garin nan mai ɗanshi, wanda yake sa takarda ta lanƙwashe tun tana cikin kwali. Kafin kala ta zauna sai ka ɓata takardu masu yawa, su muke kira takardun gwaji. Sauran ma'aikata shara suke zubawa. Ni kuwa, ɗan Malam Garba, sai in kwashe in tafi da su gida.

Abin da ba ku sani ba shi ne, mai inji ba ya karanta abin da yake bugawa. A kan tebur rubutun a juye yake, a kan inji kuma yana wucewa da gudu. Idonka yana kan gefen haruffa, yana kan ɗigo, yana kan kusurwa. Na taɓa buga takardar jana'izar wani mutum da muke gaisawa kullum, ban san ya mutu ba sai da na ga babu shi a coci.

Mista Odell ya mayar da wannan rashin karatu doka. Ba a mayar da kwastoma a shagonsa saboda abin da ya rubuta. A mako guda mun buga wa 'yan takara biyu masu zagin juna, ya jera kwalayensu gefe da gefe a bakin ƙofa. Dalilinsa ya gaya mini sau ɗaya tak, muna cin abincin rana. Ya ce yana saurayi cocinsu ta aike shi da wata takarda mai kiran baƙar fata su fito su yi rajistar zaɓe. Shago uku ya shiga, duka na Turawa. Kowanne sai ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya dube shi, ya miƙo masa abarsa. Wannan ne ya sa ya sayi tsohon inji. Ya ce, "Daga ranar na yi alkawari, duk wanda ya shigo ƙofata da takarda, ba zan karanta in auna shi ba." Ba wasa yake yi ba kuma. Wanda na gada a kan injin, korarsa ya yi saboda ya ƙi buga tallan wani gidan rawa.

Sai mummunar shekara ta zo, cikin shekarun 1990. Rabin aikinmu na masaƙu ne da kamfanonin kujeru: 'yan katunan da ake rataya wa safa da wandon jins, da littattafan nuna kaya. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa rufewa ko su kwashe su koma wata ƙasa. Ƙananan ayyuka kuma shagunan hoton takarda suka wawashe. Mu huɗu ne a shagon, muka koma mu biyu. Akwai ranakun da nake wanke inji mai tsabta don kawai kada Mista Odell ya gan ni zaune. Shi kuma hannunsa ya fara rawa, ba ya iya saita faranti, saboda haka duk abin da ya shafi inji ya dawo kaina.

A cikin wannan hali wani Bature ya shigo a watan Yuli. Mista Lennart sunansa, ɗan ƙasar Sweden, ya daɗe a nan, yana da gida a garin Pleasant Garden. Mutum mai tsabta, mai magana a hankali, yana goge ƙafa kafin ya shigo. Ya buɗe jaka ya fito da aikinsa a shirye tsaf. Hoton wani jan gidan katako ne a bakin tafki, yara biyu masu farin gashi suna gudu a ciyawa, sama da ƙasa an ja layin shuɗi da rawaya, sai rubutu da harshensu. Ya ce na wata ƙungiya ce ta 'yan uwansa a gida, shi zai tura musu a kwalaye. Yanzu kashi na farko yake so, idan ya yi kyau zai dawo a Agusta da oda mai ninkin wannan sau da yawa. Bayan ya fita Mista Odell ya zauna a kujera ya daɗe yana kallon silin. Wannan oda ita ce za ta riƙe mu har ƙarshen shekara, mu duka mun sani.

Ni na ɗauka tallan yawon buɗe ido ne. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin. Shuɗi da rawaya idan suna maƙwabtaka fitina ne, da zarar ɗaya ya hau kan ɗaya sai kore ya fito a tsakani. Kwana biyu na yi ina fama, na canza bargon robar inji, na rage ruwa da kaɗan-kaɗan, na kunna fanka a kan takardun don ɗanshi. Da ya fita, shuɗin nan kamar ka sa hannu ka ɗebo. Mista Lennart ya zo ya ɗaga ɗaya ya duba, ya ce wa Mista Odell aiki ya yi kyau ƙwarai. Ni da nake tsaye a gefensu da tawada har gwiwar hannu, ko kallona bai yi ba. Ban damu ba, na saba. Na kwashi takardun gwaji na gaban aikin, waɗanda bayansu bai ga tawada ba, na kai gida.

To ina da ƙanwa a Sweden. Laraba, autarmu, ni na goya ta. Mijinta ya je karatu can suka zauna, ita tana aiki a gidan kula da tsofaffi a wani gari a kudancin ƙasar, suna da 'ya ɗaya, Tabita. Waya tana da tsada a lokacin, wasiƙa muke yi wa juna duk wata. Da na zauna zan rubuta ta wannan watan, na jawo takarda daga tarin da ke kan tebur kamar yadda na saba. Da na ga hoton jan gidan har murmushi na yi. Na zaɓi wadda ta fi fita, na cika bayanta da labarin gida, a ƙarshe na ƙara da cewa, "Juya ki ga aikin yayanki, har ƙasarku muke yi wa bugu yanzu."

Kwana goma sha biyu bayan nan, ranar Asabar da safe, waya ta yi ƙara. Laraba ce. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ita da ba ta taɓa fara magana ba tare da ta tambayi kowa da kowa ba.

"Yaya, takardar nan da ka rubuto mini a kai, da gaske kai ka buga ta?"

Na ce, "Ni na buga mana. Kin ga shuɗin?"

Ta ce, "Yaya, ka san abin da ke rubuce a jiki?"

"Ina zan sani? Yarenku ne."

"Shekaranjiya aka jefo mana irinta ta ramin wasiƙa na ƙofa. Tabita ce ta ɗauka, ta kawo mini don ta ga yara a jiki. Jiya kuma taka ta iso. Iri ɗaya sak, har jan gidan."

Ta yi mini bayani. Zaɓen ƙasarsu yana zuwa a watan Satumba. Akwai wata ƙaramar jam'iyya da ba ta da magana sai ta baƙi. Manyansu suna sa kwat suna magana da ladabi, samarinsu kuma suna aske kai ƙwal, suna sa manyan takalma, suna tsayawa a tashar bas suna bin baƙar fata da ido, wani lokaci abin ya wuce ido. Masu buga takardu da yawa a can ba sa karɓar aikinsu, shi ya sa suke nema a waje. Ta karanta mini layukan tana fassarawa. Wai ƙasar ta masu ita ce. Wai waɗanda suka zo daga Afirka da sauran wurare sun cinye abincin tsofaffi, sun ɓata makarantu. Wai a zaɓe su, su kuma za su mayar da kowa inda ya fito, har waɗanda aka haifa a can.

"Tabita za ta shiga aji ɗaya ƙarshen watan nan," in ji ta. "Ta fara haɗa haruffa, Yaya. Da ta ƙara wata uku da kanta za ta karanta."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na tsaya riƙe da waya ina kallon tarin takardun a kan teburina, yaran nan biyu suna ta gudu a ciyawa. Na ce mata ban sani ba. Ta ce ta san ban sani ba. Sai na gaya mata akwai kashi na biyu, babba, kuma ranar Laraba mai zuwa mutumin zai zo a fara. Ta ce, "To ya za ka yi?" Ta san takardun zamana a ƙasar nan a hannun wa suke. Na ce zan yi magana da maigida. Ba ta ce kada in buga ba, ba ta kuma ce in buga ba. Ta ce in gaida matata, ta ajiye.

Ranar Litinin na riga Mista Odell zuwa shago. Da ya shigo na bari ya rataya hularsa, sannan na gaya masa komai, har da wasiƙar. Yana saurare fuskarsa tana ɗaurewa.

"Ishaya, ka san dokar shagon nan."

"Na sani, Mista Odell."

"Ka kuma san abin da ya faru da wanda ka gada."

"Na sani."

"To me kake so in yi? In zama ɗaya daga cikin mutanen nan uku? In karanta takardar mutum in miƙa masa abarsa?"

Na ce ba na neman ya yi komai, amma ni hannuna ba zai sake ɗora wannan faranti ba. Na roƙe shi abu ɗaya, ya ji abin da ke jikin takardar daga bakin wadda aka jefa wa. Ya ce ba ya bukata. Na ce na yi masa shekara biyar ban taɓa roƙonsa komai ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tura mini wayar shagon da bayan hannu.

Da azahar na kira, lokacin Laraba ta dawo daga aiki. Na miƙa masa kan wayar, na koma gefe ina goge abin da ba ya bukatar gogewa. Nasa ɓangaren kawai nake ji. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce ta karanta masa da Turanci, kada ta tsallake komai. Ya tsaya yana saurare. Can ya ce, "Sake karanta wannan layin, 'yata." Ta sake. Ya ce, "Yarinyar shekararta nawa?" Sai ya gyaɗa kai kamar tana ganinsa, ya yi mata godiya, ya ajiye. Ya ce, ba da ni yake ba, "Na san takardar nan. Da Turanci na fara ganinta, a jikin itace kusa da gidanmu." Daga nan ya shiga ɗakin duhu ya rufe ƙofa, alhali babu fim ɗin da za a wanke.

Ranar bai sake yi mini magana ba. Talata ma haka. Motar kamfanin takarda ta zo ta sauke takardun babbar odar, aka jibge su kusa da inji, tsayinsu har ƙirjina. Shi ya sa hannu ya karɓa. Da na ga haka jikina ya yi sanyi. Na fara tattara 'yan kayana a hankali, madubin duba ɗigo da wuƙar kwasar tawada da na zo da ita daga Zariya, na sa su a aljihun rigata. Da yamma na gaya wa matata ta shirya zuciyarta, ƙila komawa gida ta kama mu.

Ranar Laraba da hantsi Mista Lennart ya zo, ya goge ƙafa, ya shigo da fara'arsa. Mista Odell ya fito daga bayan kanta, ya tsaya tsakaninsa da inji.

"Mista Lennart, shagon nan bai taɓa mayar da kwastoma ba. Ga inji, ga farantanka, ga takarda ta iso. Sai dai ni hannuna ya daina aiki, ka gani." Ya ɗaga hannun ya nuna masa. "Wannan shi ne mai injina. Shi ya buga maka na farko. Ka tambaye shi."

Karo na farko ke nan da mutumin ya juyo ya dube ni sosai. Na ce masa ƙanwata tana zaune a ƙasarsu, an jefa mata takardarsa ta ƙofa, ta karanta mini. Fuskarsa ta yi ja, amma muryarsa ba ta canza ba.

Ya ce, "Ka fahimce ni, ba da irinka muke ba. Kai ma'aikaci ne, ga aikinka nan mai kyau. Kuma wannan maganar ƙasarmu ce, ba ta nan ba."

Na ce, "Ƙanwata ma ma'aikaciya ce. Tsofaffinku take yi wa wanka, tana ba su abinci a baki. Ba zan buga ba."

Ya juya wajen Mista Odell kamar na gama magana na ɓace. "To ka nemo wani mai injin. Zan jira kwana biyu."

A nan ne gabana ya faɗi, don maganarsa tana kan hanya. Masu inji marasa aiki sun cika garin a shekarar, waya ɗaya za a buga a sami uku. Na sa hannu a aljihu na riƙe wuƙar tawadata, ina jiran in ji an ce in ajiye rigar aiki.

Mista Odell ya ɗauki lokaci yana goge tabarau. Sannan ya ce, "Mai inji ɗaya gare ni, kuma na daɗe ina nemansa kafin in same shi." Ya shiga ciki ya fito da farin kwalin da mutumin ya kawo da fina-finan aikin a cikin babban ambulan, ya miƙa masa da hannu biyu. "Kayanka ne. Ƙofata a buɗe take, duk ranar da kake da aikin da mai injina zai iya."

Mista Lennart ya karɓa. Bai ɗaga murya ba, bai buga ƙofa ba. Muka ji motarsa ta tashi ta shiga titi.

Na zauna a kan kwalin takarda, abin da Malam Garba zai mare ni a kai. Mista Odell ya tsaya a kaina.

"Ban kore shi ba. Ka dai gani."

"Na gani, Mista Odell."

"Kada ka saba."

"Ba zan saba ba."

"Tashi daga kan takardata."

Shekarar ta ba mu wuya, ba zan yi muku ƙarya ba. Kwana uku a mako muka koma buɗewa har Kirsimeti, ni ina haɗawa da lodin kaya a wani sito. Takardun da aka jibge kuwa sai da muka kusan shekara muna gutsurarsu, jadawalin coci, takardar abincin gidajen cin abinci, katin jana'iza. Amma shagon bai rufe ba, takardun zamana kuma ba wanda ya taɓa su. Kada kuma wani cikinku ya ɗauka ni na hana wani abu faruwa a Sweden. Masu inji suna da yawa a duniya, na san mutumin bai rasa wanda zai buga masa ba. Abin da ya dame ni a makonnin nan shi ne fina-finan da aka mayar masa. Fim na hannunsa, kuma da fim mai kyau kowa zai iya fitar da aiki kamar nawa. Ina tunanin Laraba za ta sake tsintar takarda a ƙofarta ta kasa sanin ko yayanta ya riƙe maganarsa ko yunwa ta karya shi.

Washegarin zaɓensu ta kira ni a shago, ina tsakiyar wanke rola. Muryarta kaɗai ta gaya mini labarin kafin ta faɗa. A can sai jam'iyya ta kai wani kaso na ƙuri'u kafin ta shiga majalisar ƙasa, su kuwa ko kusa ba su kai ba. Ta ce ba wai sun ɓace ba ne, samarin suna nan a tashar bas, amma yau ta shiga bas ta zauna ba ta ƙirga fuskoki ba. Tabita tana zuwa makaranta, har ta yi ƙawa. Na yi ta cewa mun gode Allah, mun gode Allah, Mista Odell yana leƙowa daga kanta yana tambayata da ido, na ɗaga masa babban yatsa.

Sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko an sake jefo musu takarda kafin zaɓen.

Ta ce, "An jefo, sati biyu da suka wuce. Wannan karon ni na riga Tabita."

Na ce, "To?"

Ta yi dariya. "Yaya, kwantar da hankalinka. Shuɗin ya hau kan rawayan duk ya koma kore, yaran kamar marasa lafiya, tawadar ma sai da ta ɓata mini yatsa. Ina ɗagawa na ce wa baban Tabita, wannan ba hannun Yaya ba ne."